Kurakuran da masu farawa ke maimaitawa wajen amfani da koyon na'ura a zane da wasannin kwamfuta

Cikin 'yan shekarun nan an sha turo mini ayyukan masu farawa, wasu zane-zane wasu kuma ƙananan wasannin kwamfuta, domin in duba in ba da shawara, kuma kusan duk wanda na buɗe sai in tarar da kuskuren da na gyara wa wani a makon da ya wuce. Shi ya sa na ga gara in tattara su wuri ɗaya. Biyu daga ciki ni kaina na taɓa faɗawa cikinsu, sun kuma ci mini lokaci da kuɗi, saboda haka a kansu zan fi daɗewa.

Na farko shi ne kwasar zanen mutane daga intanet a horar da na'ura da shi ba tare da izininsu ba. Na'urar da ke ƙirƙirar hoto ba ta da wani ilimi sai wanda ta tsinta a hotunan da aka nuna mata. Stable Diffusion, manhajar ƙirƙirar hoto da aka saki a 2022, an horar da ita ne da hotuna daga tarin LAION, tarin da ya ƙunshi hotuna da bayanansu sama da biliyan biyar da aka kwaso daga shafukan intanet. A yau kowa na iya ɗaukar irin wannan manhaja ya ƙara mata horo da hoto ashirin ko talatin, ta fara kwaikwayon hannun mai zane guda ɗaya. Abin da na yi ke nan. Muna haɗa wani wasa ni da abokin aikina, sai na ga zanen wata mata da ya dace da duniyar da muke son ginawa, na sauke hotunanta kusan arba'in, na horar da na'ura, muka yi wata biyar muna ɗora aiki a kai. Da muka fitar da samfurin farko, ita da kanta ta rubuto mini, ta haɗo zanenta da ɗaya daga cikin namu gefe da gefe. Tudun, bishiyar da ta karkata, har inda haske ya faɗa, duk nata ne. Idan hotunan horo ba su da yawa aka kuma maimaita su sosai, na'ura takan haddace su ne ta amayo su da ɗan canji, ni kuwa ban bincika ba. Mun zubar da aikin wata biyar, amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ta bayyana cewa shekaru masu yawa ta ɗauka kafin hannunta ya kai haka, kuma da shi take ci take sha.

Ba ita kaɗai wannan ya shafa ba. Greg Rutkowski, mai zane ɗan ƙasar Poland, ya koka tun 2022 kan yadda ake sa sunansa a umarnin da ake bai wa na'ura domin a samu irin salonsa, kamfanin sayar da hotuna na Getty Images kuma ya kai Stability AI, kamfanin da ya saki Stable Diffusion, kotu a 2023, inda ya nuna hotunan da tambarinsa ya fito a jikinsu a gurɓace. Wasu za su ce shari'a ba ta gama yanke hukunci ba, to ni ba na jiran kotu ta gaya mini cewa in nemi izinin mai abu. Tun daga wancan lokaci nake ajiye rajista: kowane hoto da zai shiga horo sai na rubuta mai shi, da lasisinsa, da inda ya ba ni izini a rubuce. Wanda na kasa cike masa waɗannan gurabe ba ya shiga. Idan salon mutum mai rai nake so, nakan tuntuɓe shi mu yi ciniki, kuma duk hoton da zai fita ga jama'a sai na bi shi da binciken hoto domin in ga ko yana da tagwai a wani wuri.

Kuskure na biyu ya shafi masu wasanni, wato rashin lura da abin da suke bai wa na'ura lada a kai. A wannan nau'in horo, na'ura tana gwada motsi iri-iri, ana ba ta maki idan ta yi abin da ake so, ita kuwa makin kawai take bi. A 2016 masu bincike a OpenAI sun nuna misali da wani wasan tseren kwalekwale mai suna CoastRunners: na'urar ta gano cewa idan ta tsaya a wani lungu tana zagaye tana bugun abubuwan da ke ba da maki za ta fi samu, sai ta daina tseren gaba ɗaya, tana ta juyawa tana karo da bango, kwalekwalen na cin wuta. Ni nawa ya zo ta wata fuska. Na horar da abokan gaba a wasana da lada guda, wato su kayar da mai wasa, suka kuwa ƙware har babu wanda ya iya wuce mataki na biyu, kuma duk waɗanda na bai wa su gwada sun ajiye shi cikin minti goma. Makonni na yi ina murna da lambobin da ke hawa a allo, alhali ban zauna na kalli wasan da idona ba. Ko Sony, da ta gina na'urar tuƙi mai suna Sophy domin wasan tseren mota na Gran Turismo, sai da ta sa wa na'urar tara a kan karo da wasu motoci, domin gudu kaɗai ba ya sa a ji daɗin tsere da kai. Yanzu bayan kowane zagayen horo nakan kalli wasa goma cikakku kafin in duba wata lamba, kuma nakan rage wa abokan gaba saurin mayar da martani da gangan.

Akwai kuma ɗabi'ar da ke ba ni haushi ƙwarai, ita ce ɓoyewa. Mutum zai fitar da hotuna ɗari a dare ɗaya, ya liƙa su a wasansa, sannan idan aka tambaye shi ya rantse da hannu ya zana. Me ya sa za ka yi wa mai sayen aikinka ƙarya? Tun daga Janairun 2024 dandalin sayar da wasanni na Steam yake neman masu wasanni su bayyana inda suka yi amfani da ƙirƙirarriyar basira, kuma ana nuna bayanin a shafin wasan. Sannan ka sani cewa ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya yanke a Fabrairun 2023, game da wani littafin labari mai zane, cewa rubutun da tsarin jera hotunan suna da kariya amma hotunan da manhajar ƙirƙirar hoto ta Midjourney ta fitar ba su da ita. Wanda ya gina dukan fuskar wasansa a kan abin da na'ura ta fitar ba tare da ya sa hannu ba, yana iya wayar gari wani ya ɗauka ya rasa abin cewa.

Murya ma haka take. Kada ka ɗauki muryar wanda ya karanta maka layi hamsin ka horar da na'ura ta ci gaba da magana da bakinsa, sai in yarjejeniyarku ta faɗi haka ƙarara kuma ka biya shi a kai. Wannan batu yana cikin manyan dalilan da suka sa 'yan SAG-AFTRA, ƙungiyar 'yan wasan kwaikwayo ta Amurka, masu aikin wasannin bidiyo suka shiga yajin aiki a Yulin 2024, suka kuma kusa shekara a ciki.

Sauran ƙanana ne, amma suna ɓata aiki. Ka ƙirga yatsu, ka duba rubutun da ke jikin hoto, domin nan na'ura ta fi tuntuɓe. Ka ajiye umarni da saitin da suka ba ka kowane hoto, in ba haka ba jarumin wasanka zai canza kama daga mataki zuwa mataki. Ka karanta lasisin manhajar, wasu ba su yarda a yi kasuwanci da su ba. Idan ka nemi hoton sarki ko likita ko ɓarawo sau ashirin, ka jera su ka ga irin fuskokin da take maimaitawa, sannan ka gyara da kanka.

Idan kuma za ka bar wani jarumi a wasanka ya yi hira kai tsaye da masu wasa, ka tuna da Tay, manhajar hira da Microsoft ta janye a 2016 kafin ta cika kwana ɗaya saboda munanan kalaman da mutane suka koya mata. Ni kafin in saki irin wannan jarumi nakan ba shi ga mutum uku, in ce su kwana biyu suna ƙoƙarin sa shi ya yi zagi ko ya faɗi abin da bai dace da yara ba, su kuma rubuto mini duk hanyar da ta yi aiki.