Kafin ku ɗaure kwalin sojojinmu: kurakuran da na gaji da gani

Makon jiya wasu samarin unguwarmu suka same ni a shago, suka ce za su tara gudummawa su aika wa sojojin da ke bakin daga. Na ji daɗi har raina, don ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya soja ne, ya yi shekaru a Borno ƙarƙashin rundunar Haɗin Kai, wadda kafin 2021 ake kira Lafiya Dole. Amma da suka fara zayyana yadda za su yi, sai na ga ramukan da muka faɗa a baya su ne dai suke shirin faɗawa.

Na farko kuɗi. Karon da muka soma, lambar asusun da nake cinikin shago da shi na raba wa mutane. Wani ya turo ta waya, wani ya miƙo a ƙofar masallaci bayan an sauko Juma'a, matan aure suka aiko yara da nasu a ƙulle cikin leda. Ban rubuta komai ba, ina cewa ai na riƙe a ka. Kuɗin jama'a suka cakuɗe da na ciniki. Ranar da aka zauna lissafi, aka tarar da giɓin N38,000 tsakanin abin da mutane suka ce sun bayar da abin da na kashe. Allah ne shaidata ban ci sisi ba, amma ba ni da takarda ko ɗaya da zan ɗaga in nuna. Na cika daga aljihuna, wannan bai dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne wata tsohuwa mai sayar da fura, wadda ta kwance bakin zanenta ta ba ni N500. Ta tare ni a hanya ta ce, "Ɗana, mi nika ji ga kuɗɗin yaran nan?" Na ce, "Inna, wallahi sun isa inda aka nufa." Ta dube ni ta yi shiru ta wuce. Kusan shekara guda ina shiga taro ana rage murya.

Tun daga nan ba na karɓar ko naira ɗaya ni kaɗai. Mu uku muke zama: mai karɓa, mai rubutawa, mai ajiya. Littafi guda ne, kowa da sunansa da abin da ya kawo, wanda ba ya son a ambace shi a rubuta "bawan Allah". Kowace Juma'a ana karanta jimla a bainar jama'a. Asusu daban, ba a cire kuɗi sai mutum biyu sun sa hannu. A Babbar Kasuwa ba kowane ɗan kasuwa ke da rasit ba, to ya rubuta a takarda ya sa hannu, mu liƙa a littafin. Wasu na cewa na cika tsanani a kan abin sadaka, ni kuwa a haka nake samun barci.

Na biyu ya fi ƙona mini rai, don ba ni ya cutar ba. Muka sayo kilishi mai kyau da damina, an sauke shi daga wuta da ɗuminsa, muka naɗe a leda muka ɗaure tam. Muka jera shi a kwali ɗaya da sabulu da omo da koyil ɗin sauro, garin kwaki a gefe. Daga Sakkwato zuwa Maiduguri ya haura kilomita 1,000, ta Gusau da Funtua da Kano da Potiskum da Damaturu. Maiduguri kuma ba ita ce ƙarshen tafiya ba. Kaya sai sun jira ayarin motocin soja da zai shiga Monguno ko Damboa, kuma ayari ba ya tashi don kwalinka. Da ƙanena ya samu layi ya kira, sai da ya gama godiya da addu'a, sannan ya ce, "Yaya, kada ranka ya ɓaci, kilishin ya yi funfuna, garin kuma da an jiƙa sai ƙamshin omo." Mutanen da suka yi watanni ba su ga abincin gida ba suka haƙa rami suka binne nama.

Leda tana sa abu mai ɗumi ya yi gumi, gumin nan shi ke kawo funfuna. Yanzu kilishi sai ya ƙara shan rana ya bushe ƙarau, a naɗe shi a takarda. Da damina ma ba na aika shi sam. Dambun naman da ya soyu sosai, ƙuli-ƙuli, dabino, soyayyar gyaɗa a gorar roba, yaji, ganyen shayi, suga da madarar gari, su ne ke jure hanya. Kwalin abinci daban, kwalin sabulu daban, ko da kuɗin mota zai ƙaru. Duk abin da ban yarda da shi ba, nakan ɗebi kaɗan in ajiye a kantar shago mako biyu, in ya canja wari ba zai tafi ba.

Ku kuma masu ɗaukar hoto, ku ji tsoron Allah. Na ga wanda ya jera kwalaye ya saka a Facebook, ga sunan soja a jiki, ga bataliyarsa, ga garin da yake, har da ranar da mota za ta tashi. Wa kuke sanar wa? Mutanen Isa da Sabon Birni sun san ɓarnar da infoma ke yi, kuma sojojin da ke aikin Fansan Yamma, wato yaƙi da 'yan bindiga a dazukan nan namu, suna bin hanyoyin da ake yi musu kwanton ɓauna. Ban da haka, soja yana da dokoki a kan abin da ake sakawa a intanet, kana iya jawo wa wanda kake son taimako horo. In dole sai an nuna wa masu bayarwa, a ɗauki kayan kafin a rubuta komai a kwali, a kuma bari sai sun isa.

Sauran ƙanana ne. Kada a sa kaki ko takalmi ko bel irin na soja, farar hula da aka kama da su a shingen bincike zai sha tambaya. Magani kada ya wuce irin su farasitamol, kuma a cikin kwalinsa na asali. Kwalba tana fashewa. Kada a damƙa wa direban da ba a sani ba a tasha a ce Allah ya kiyaye, mun taɓa yi, kwali biyu har yau ba labari. Hedkwatar runduna ta 8 tana nan Sakkwato, ku je barikin Giginya ku nemi ofishin hulɗa da jama'a, ku tambayi abin da aka yarda a aika da hanyar da zai bi. Kuma rundunar nan akwai Musulmi akwai Kirista, daga kowane lungu na ƙasar nan, tasa ɗaya suke ci, kada ku rubuta "na 'yan Sakkwato kawai".

Ku tambayi masu abin kafin ku je kasuwa. Mu muna ta tunanin abin daɗi, su kuwa safa suke nema, don ƙafar da ta kwana ta wuni cikin but tana yin cin ruwa. Sai hoda, basilin saboda kaushin hunturu, tocila da batir, cajar sola, da katin waya da za su ji muryar gida.

Wani zuwa da ƙanena ya yi hutu, ya ce mini, "Yaya, in ka leƙa iyalina ka ga akwai hatsi, ka gama mini komai." Tun lokacin, cikin kowane kaso biyar na abin da muka tara, ɗaya ba ya barin Sakkwato. Shinkafa da mai muke saye, mu bi ta hannun shugabannin matan bariki, a fara da gidajen da maigidan bai dawo ba.