Yadda Ake Gane Gubar Kabon Monoksaid da Ceton Wanda Ya Shaƙe Ta

Kabon monoksaid iska ce marar launi, ba wari, ba ɗanɗano. Tana fitowa duk inda aka ƙona gawayi, itace, fetur, kananzir ko gas ba tare da wadatacciyar iskar oksijin ba. Kada a ɗauka ita ce hayaƙin nan mai sa hawaye. Garwashin da ya yi jajir, ya daina hayaƙi, bai daina fitar da ita ba. Tun da hanci ba zai kawo labarinta ba, sai a koyi gane ta ta wata hanyar.

Ka fara da sanin abin da take yi wa jini. A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai sinadarin himogulobin, mai ɗaukar oksijin daga huhu ya rarraba wa sassan jiki. Kabon monoksaid na kama shi da ƙarfin da ya ninka na oksijin sau fiye da 200, kuma in ta kama ba ta saurin saki. Sauran oksijin ɗin da ya samu gurbi ma sai ta hana jini sauke shi inda ake buƙata. Masanin Faransa Claude Bernard ya bayyana yadda take kama himogulobin tun 1857. Ƙwaƙwalwa da zuciya su suka fi cin oksijin, shi ya sa su ke fara galabaita.

Mataki na biyu shi ne lura, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Alamun farko ciwon kai ne, jiri, tashin zuciya, kasala, wani lokaci amai. Babu ɗaya a ciki da ba a gani a mura ko gurɓataccen abinci, sai mutum ya sha maganin ciwon kai ya koma ya kwanta a ɗakin da ke kashe shi. Don haka kada ka tsaya kan alamar kaɗai, dubi yanayin da ta zo. Mutum biyu ko uku ne suka kamu a lokaci guda, a ɗaki guda? Ba zazzaɓi? Ana samun sauƙi in an fita waje, ciwon ya dawo in an koma ciki? Akwai injin ko murhu a kunne kusa? In amsar biyu daga cikin tambayoyin nan e ce, ka ɗauka ita ce har sai likita ya ce a'a. Jariri da dabbobin gida kan riga manya nuna alama. Kan wannan hikimar ne masanin Birtaniya John Scott Haldane, a shekarun 1890, ya ba masu haƙar kwal shawarar shiga rami da ƙananan dabbobi, aka riƙa shiga da tsuntsun kanari a Birtaniya har 1986. Jan fatar nan da littattafai ke yawan ambato kuwa, kada ka jira shi. Ba kasafai ake ganinsa ga mai sauran rai ba.

Na uku, fita. Kowa ya fita fili nan take, a bar ƙofa a buɗe. In abin da ke fitar da iskar yana kan hanyarka, kashe shi. In sai ka shiga ciki nemansa, rabu da shi. Wanda ya suma a jawo shi waje da sauri, mai ceton kada ya daɗe a ciki, domin iskar da ta kayar da na farko ba za ta ƙyale na biyu ba. Tsumma a hanci ko takunkumin fuska ba sa tace ta. A kira masu agajin gaggawa daga waje. Mai numfashi a kwantar da shi ta gefe don kada amai ya shaƙe shi, wanda numfashinsa ya tsaya a fara danna masa ƙirji.

Na huɗu, asibiti, ko da mutum ya farfaɗo yana cewa ya warke. Lissafin kansa ya isa hujja: a iskar da muke shaƙa, jiki na ɗaukar kamar awa 4 zuwa 6 kafin ya fitar da rabin gubar. Da tsantsar oksijin ta abin rufe hanci da baki, lokacin na saukowa zuwa kamar awa ɗaya da rabi, a ɗakin oksijin mai matsin iska kuma ƙasa da rabin awa. Ka faɗa wa ma'aikacin lafiya ƙarara cewa kana zargin kabon monoksaid, ka faɗi abin da ke kunne da tsawon zaman da aka yi. Dalilin nanata wannan shi ne, 'yar na'urar nan da ake maƙala wa a yatsa don auna oksijin ba ta bambance jinin da ya ɗauki oksijin da wanda ya ɗauki guba, tana iya nuna kashi 98 cikin ɗari alhali mutum na cikin haɗari. Gwajin jini na musamman ne ke nuna gaskiya. Ga marar shan taba adadin himogulobin da gubar ta kama bai cika wuce kashi 3 cikin ɗari ba, mai shan taba kan kai 10. Ba ya zama sifili ga kowa, don jikin ɗan Adam da kansa yana samar da 'yar kaɗan yayin rushe tsofaffin ƙwayoyin jini. Mai juna biyu ta je ko ba ta jin komai, saboda jinin ɗan tayi ya fi riƙe gubar.

Bayan sallama a ci gaba da sa ido har makonni shida. Mantuwa, sauyin hali ko tangaɗi a tafiya na iya ɓullowa daga baya, kuma duk dalilin komawa wurin likita ne.

Saura hana aukuwa. Janareta a waje yake zama, nesa da ƙofa da taga; hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce aƙalla ƙafa 20, wato kamar mita 6, salansa na kallon nesa da gida. Baranda da gareji ba waje ba ne, ko an buɗe ƙofa. Ba a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki, ba a barin mota a kunne a gareji. Harshen wutar murhun gas shuɗi ya kamata ya zama. In ya koma rawaya yana baƙanta gindin tukunya, a kira mai gyara. Sannan a sa na'urar ƙararrawa mai gano kabon monoksaid kusa da ɗakin kwana, tun da mai barci ba ya jin ciwon kan da zai tashe shi. Nauyin iskar kusan ɗaya ne da na iskar ɗaki, tana gauraya ko'ina, don haka umarnin kamfanin da ya ƙera na'urar za a bi wajen kafa ta. A riƙa danna maɓallin gwaji duk wata, a kuma duba ranar da ke bayanta, domin abin da ke sansano iskar a ciki yana lalacewa bayan shekara 5 zuwa 10 ko batirin sabo ne.