Yadda Ake Neman Takardun Ƙorafin Wariya a Wurin Aiki

Ma'aikacin da ya kai kuka ga Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam a Kaduna, bisa zargin an nuna masa bambanci saboda addini, ƙabila ko jinsi, yana da damar neman takardun binciken a ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011.

Da farko, a rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban ofishin, a ambaci dokar, a sa lambar fayil da ranar da aka shigar da ƙorafin, sannan a fayyace abin da ake so, kamar rahoton mai bincike ko amsar da ma'aikatar da ake ƙorafi a kanta ta bayar. Doka ba ta wajabta bayyana dalili ba.

A tafi da kwafi biyu. Nan ne mutane da yawa ke sakaci: kada a bar teburin magatakarda sai ya buga hatimi da kwanan wata a kan kwafin da za a koma da shi gida, domin daga ranar ake fara ƙidayar kwana 7 da hukuma take da su don ba da amsa, waɗanda za ta iya ƙarawa da wasu 7 idan takardun suna da yawa. Kuɗin kwafi kawai ake biya.

Hukuma na iya ɓoye bayanan sirri na wasu ma'aikata. Idan ta ƙi bayarwa, dole ta rubuta dalili, kuma mai nema yana da kwana 30 ya garzaya babbar kotu.