Yadda Ake Zagaya Garuruwan Masunta Daga Akra a Yini Ɗaya

Fara da zaɓen rana. Kada ka fita ranar Talata, domin masuntan ƙabilun Ga da Fante na Gana ba sa shiga teku a ranar, sai dai ka tarar da jirage a kan yashi ana ɗinkin koma. Asabar ta farko a watan Mayu kuma ta Aboakyer ce, bikin farauta na gargajiya a garin Winneba, gari a cike, mota da wuya. Daga Maris zuwa Mayu kifi ba ya yawa kamar na Yuli zuwa Satumba, saboda haka wanda ya makara ragowa zai samu.

Da an sallame sallar asuba ka bar Nima ko Sabon Zango, ka nufi Chorkor, unguwar masunta da ke bakin teku a Akra. A nan za ka ga murhun banda mai faranti bisa faranti, wanda aka ƙirƙiro tare da matan unguwar a 1969. Rabin awa ta isa. Daga nan sai tashar Kaneshie, ka hau motar Winneba, tafiyar kilomita 60 ko sama da haka kaɗan. Yi ƙoƙari ka wuce Kasoa da wuri, don cunkoson wurin kan cinye awa guda.

A bakin ruwan Winneba mata ne ke da ciniki, ba masu jirgi ba. Tsaya gefe ka ji kuɗin da ake sayar wa 'yan gari kafin ka taya, ka kuma riƙe canji a hannu. Ɗaga murfin kumatun kifin: ja ya kamata ka gani, ido garau, tsoka kuma idan ka danna ta dawo. Wanda ya yi laushi ka bar shi komai arharsa. Ga kowane kilo na kifi ka tanadi kilo ɗaya na ƙanƙara, ka shimfiɗa ta a ƙasan kula, ka jera kifi, ka sake rufewa da ƙanƙara. Riƙa tsiyaye ruwan da ya narke, domin kifin da ya kwanta cikinsa saurin lalacewa yake. Ka nemi izini kafin ɗaukar hoto, kada kuma ka tsallake komar da aka shimfiɗa.

Yi azahar a zangon Winneba, ka ci dokunu (curin masara mai tsami) da soyayyen kifi, sannan ka ƙarasa Apam. Hau tudun Fort Patience, ganuwar da 'yan Holan suka fara ginawa a 1697, daga can ana hango jiragen garin gaba ɗaya.

Don Allah kada ka bar yara su shiga ruwa. Tekun nan na ja ta ƙasa, a Maris na 2021 yara fiye da goma suka nutse a Apam. Ƙarfe 3 na rana ka kama hanyar komawa Akra, kafin hadari ya haɗo.