Yadda Ake Kafa Akwatin Kifin Ado a Gida Ba Tare da Asarar Kifi Ba

Akwatin gilashi mai ruwa garau da kifaye masu launi yana ƙawata falo, amma da yawa daga cikin waɗanda suka fara wannan sha'awa kifinsu na farko ba ya daɗewa. Dalilin kusan kullum ɗaya ne: an sayo akwati da kifi rana ɗaya, an cika da ruwan famfo, an juye kifin ciki kafin magariba. Sabon akwati, komai kyansa, bai zama gidan kifi ba tukuna. Sai ya yi makonni yana aiki ba kifi a ciki, kuma duk sauran shirye-shirye a kan wannan jiran ake gina su.

Fara da girman akwatin. Mutane sukan ɗauka ƙarami ya fi sauƙin kulawa, alhali shi ne ya fi saurin lalacewa, domin ruwa kaɗan nan da nan yake ɗumama, nan da nan yake hucewa, kuma ƙazanta kaɗan ta ishe shi gurɓacewa. Ɗan kwanon gilashin nan mai zagaye da ake sayarwa a bar shi wa furanni. Ga mai farawa, akwati mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 36 ya yi daidai. Yana cin lita 65 ko kusa da haka. Lissafin ba wuya: tsawo sau faɗi sau tsayi, a raba da 1,000. Idan mai yankan gilashi ne zai haɗa maka, kaurin gilashin kada ya gaza milimita 6 a wannan girman, kuma ka tsaya a kan cewa silikon ɗin da zai liƙa da shi zalla ne, ba irin na banɗaki mai maganin hana fumfuna ba, don wannan maganin guba ne ga kifi. A bar shi ya bushe mako guda. Sannan a cika shi da ruwa a tsakar gida, a kan shimfiɗaɗɗiyar jarida, ya kwana biyu. Idan akwai yoyo, jaridar za ta tona.

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ka haɗa da tsakuwa da duwatsu da nauyin gilashin kansa, akwatin nan ya doshi nauyin buhun siminti biyu. Teburin roba ko kantar talabijin ta katakon garin itace ba za su ɗauka ba, musamman idan ruwa ya fara ɗiga musu. Ana son teburi mai ƙarfi, saman sa a baje sumul, a shimfiɗa farin soson nan mai tauri da ake samu a kwalin firji a ƙarƙashin gilashin, don ƙwayar yashi ɗaya tak a ƙarƙashin cikakken akwati tana iya tsaga gindinsa. Zuba ruwa kamar yatsa biyu ka duba layinsa ta kowane gefe. Idan ya karkata, gyara teburin tun yanzu. Akwati mai ruwa ba a ɗaga shi, ba a jan sa. Wurin kuma ya kasance nesa da tagar da rana ke shigowa, nesa da kicin da bakin ƙofa, kusa da soket.

Sai shimfiɗar ƙasa. Tsakuwa mai girman milimita 2 zuwa 5, marar kaifi, ita ce ta fi sauƙin sha'ani. Don samun kaurin santimita 5 a akwatin nan kana buƙatar kimanin kilo 14. Wanke ta kaɗan-kaɗan a bokiti, kana juyawa da hannu kana tsiyaye ruwan, har sai ya fito fes. Yakan kai wanki shida ko bakwai. Babu sabulu, babu omo, ko kaɗan. A ware sabon bokiti na kifi kawai, a yi masa alama don kada a ɗauka a jiƙa wanki a ciki. Wajen shimfiɗawa, baya ya fi gaba tudu, kamar santimita 7 a baya, 3 a gaba. Hakan yana sa akwatin ya yi kamar ya fi zurfi a ido, kuma datti yana gangarowa gaba inda za a zuƙe shi cikin sauƙi.

Adon ciki shi ne inda ido ke yaudarar mutum. Ba kowane kyakkyawan dutse ne ya dace ba. Ɗiga masa binega: idan ya yi kumfa yana ƙara sii, dutsen farar ƙasa ne, zai riƙa narkewa a hankali yana canza ruwan. Haka wuri da ƙoƙon katantanwa da farin marmara. Dutse mai ƙyalƙyalin ƙarfe ko jan tsatsa, da wanda aka shafa wa fenti, duk a ajiye su gefe. Dutsen da ya ci jarrabawa a goge shi da buroshi da ruwan zafi, amma kada a dafa shi a kan wuta, yana iya fashewa. Manyan duwatsu su zauna a kan gilashin ƙasa kafin a zuba tsakuwa a kewaye su, domin kifi mai tono yana iya rarake ƙarƙashin dutse ya kifar da shi a kan bango. Itace kuwa sai busasshe ƙayau mai tauri, wanda aka ɓare ɓawonsa aka jiƙa mako biyu ana canza ruwa. Zai ɗan rina ruwan launin shayi a farko. Wannan ba ya cutar da kifi. Ɗanyen itace da mai ƙaro ko madara ba sa shiga. Ƙaramar tukunyar ƙasa sabuwa, wadda ba a shafa mata komai ba, idan aka kwantar da ita a gefe aka goge kaifin bakinta, ta fi yawancin kayan robar kanti amfani a matsayin maɓoya. Kifin da ya san yana da wurin ɓuya shi ne yake fitowa fili; wanda aka bari a tsirara a lungu yake maƙalewa.

Wajen jerawa, kada ka dasa babban dutse a tsakiya cak. Matsar da shi kashi ɗaya cikin uku daga gefe, ƙanana biyu su raka shi, dogayen tsirrai a baya, gajeru a gaba, a bar fili a tsakiya don iyo. Baƙar takarda ko shuɗiya a bayan gilashin, ta waje, tana ɓoye wayoyi tana kuma fito da launin kifin.

Tsirrai masu rai suna shan wani ɓangare na ƙazantar ruwa, kuma akwai masu juriya. Anubias, wanda asalinsa daga rafukan dazukan Afirka ta Yamma ne, har da kudancin Najeriya da Kamaru, yana rayuwa ko da haske kaɗan. Kuskuren da ake yi da shi shi ne binne kaurin jijiyar nan da ganye ke fitowa daga jikinta. In aka binne ta ruɓewa take yi. A ɗaure ta da zare a jikin dutse ko itace, saiwoyin za su kama da kansu. Vallisneria mai dogon ganye kamar ciyawa ita ake dasawa a tsakuwa, a baya. Kainuwa ma tana aiki sosai a saman ruwa, sai dai ta kududdufi takan zo da matsattsaku da ƙwan katantanwa, don haka a wanke ta a killace a bokiti mako biyu, kuma kada a bari ta rufe fiye da kashi ɗaya cikin uku na saman ruwan. Fitila awa 6 zuwa 8 a rana ta isa. Abin da ya wuce haka gansakuka kake nomawa.

Na'urori uku ne ba makawa: matata mai tace ruwan, ma'aunin zafi, da hita mai ɗumama ruwan idan garinku yana sanyi. Matatar ta riƙa juya ruwan akwatin sau huɗu zuwa biyar a awa, wato lita 260 zuwa 325 ga wannan girman. Inda ake yawan ɗauke wuta, matatar soso mai aiki da famfon iska ta fi rufin asiri: ba ta cin wuta, soson yana nan jiƙe a cikin akwati ko wuta ta tafi, kuma ƙaramin famfon iska mai batir ko mai jona fawa banki zai iya riƙe ta. A sa ɗan bawul mai hana ruwa komawa a jikin siririn tiyon iskar, ko a ɗora famfon sama da layin ruwa. In ba haka ba, da an ɗauke wuta ruwa yana iya bin tiyon ya tsiyaye a ƙasa. Kowace waya kuma ta lanƙwasa ƙasa da soket kafin ta hau, don ɗigon ruwa ya faɗi ƙasa maimakon ya shiga wuta.

Yawancin kifin ado na ƙasashe masu zafi suna son digiri 24 zuwa 27. A Kano ko Zinder, daren hunturu yakan sauka ƙasa da digiri 15, a Jos ma sanyin ya fi haka, kuma wannan faɗuwar zafi da dare tana raunana kifi, ta buɗe ƙofa ga cutar fararen ɗigo masu kama da gishiri a jikin kifi. Hita mai wat 50 zuwa 75 ta wadatar, a tuna a cire ta daga wuta kafin a rage ruwa don kada ta fashe. Da bazara matsalar juyawa take yi: ruwa mai zafi ba ya riƙe iskar oksijin da yawa. Idan ma'auni ya haura 30, a buɗe murfin a maye shi da raga, a juya ƙaramar fanka ta riƙa kaɗa saman ruwan, a ƙara iska.

Ruwan famfo na gari yana ɗauke da kulorin, wanda ke ƙona gaɓoɓin numfashin kifi. A yi amfani da maganin cire kulorin da masu sayar da kifi ke da shi, bisa adadin da aka rubuta a kwalbar. Ruwan rijiya da na burtsatse babu kulorin, amma a tara shi ya kwana da iska tana kaɗa shi. Idan ya yi jan laka a gindin bokiti, ƙarfe ya yi masa yawa, a tsiyaye na sama kawai. Ruwan 'yan garuwa sai an san abin da jarkar ta taɓa ɗauka. Wajen cikawa, ɗora faranti a kan tsakuwa ka zuba ruwan a kansa don kada ya watsa maka shiri.

Yanzu aka zo kan jiran. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, wadda guba ce ko da kaɗan. Akwai bakteriya masu amfani da ke mayar da ita naitirait, shi ma guba, wasu kuma su mayar da shi naitiret, wanda kifi ke jurewa har a rage shi ta canjin ruwa. Waɗannan bakteriya a jikin soson matata da tsakuwa suke zama, kuma a sabon akwati babu su. Kunna matata dare da rana, ka riƙa jefa ɗan tsunkulen abincin kifi kullum ya ruɓe ya ciyar da su. Sayi kayan gwajin ruwa na ɗigo, ka gwada duk bayan kwana uku. Za ka ga amoniya ta hau ta sauka, naitirait ya biyo baya ya hau ya sauka, naitiret ya bayyana. Ranar da biyun farko suka tsaya a sifili, akwatin ya nuna. Yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida. Idan ruwan ya yi fari kamar an ɗiga madara a makon farko, bar shi, zai washe da kansa. Hanyar gajarta jiran ita ce a samo tsohon soson matata daga akwati mai lafiya, a kawo shi jiƙe a matse shi a kan naka. Ruwa ya yi garau a ido ba shaida ba ce. Amoniya ba ta da launi.

Kafin kifi ya shiga, canza rabin ruwan. Fara da kifi shida ƙanana, kamar gofi (guppy) ko filati (platy), bayan mako biyu ka ƙara wasu shida. Gofi haihuwa take yi kusan duk wata, don haka ko ka ɗauki maza zalla, ko ka shirya inda za ka kai 'ya'yan. Kifin zinare yana kai santimita 20, yana son ruwa mai sanyi, kuma ƙazantarsa ta fi ƙarfin wannan akwatin. Ɗan tarwaɗa zai girma ya haɗiye maƙwabtansa, karfasa kuma ta tone tsirrai. Baƙin kifin nan mai liƙe wa gilashi da ake cewa yana share akwati, irin da aka fi sayarwa yakan wuce santimita 30. A wurin saye, duk akwatin da ka ga mataccen kifi ko mai fararen ɗigo, wuce shi gaba ɗaya. Da ka iso gida, ɗora ledar a rufe a kan ruwan minti 20, ka buɗe ka riƙa ƙara mata rabin kofi na ruwan akwatin duk minti biyar har sau huɗu, sannan ka kwashe kifin da 'yar raga. Ruwan ledar a zubar. Kashe fitila, kada ka ba su abinci sai gobe.

Abinci, abin da za su cinye cikin minti biyu, sau ɗaya ko biyu a rana, kuma mutum ɗaya ne zai riƙa bayarwa. A gidan da yara ke da yawa, a ɓoye gwangwanin. Duk mako a zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da tiyo daga cikin tsakuwa, a mayar da sabo mai ɗumi iri ɗaya. Soson matata a matse shi a cikin tsohon ruwan da aka zuƙo, ba a bakin famfo ba, don kulorin zai kashe abin da ka yi wata guda kana reno. Kwashe komai a wanke tas, wanda wasu ke ɗauka tsafta ce, mayar da akwatin ranar farko ne.

Maganin sauro na fesawa yana iya gamawa da kifin akwati cikin dare ɗaya, domin famfon iska yana zuƙar iskar ɗakin ya tura ta cikin ruwa kai tsaye. In dole ne a fesa, a kashe famfon, a lulluɓe akwatin da jiƙaƙƙen zane, kuma kada a kunna sai an buɗe tagogi warin ya fita sarai. Haka za a yi idan an kunna maganin sauro na hayaƙi ko turaren wuta a ɗakin. Hannun da ya sha man shafawa ko turare kuma a ɗauraye shi da ruwa zalla har gwiwa kafin ya taɓa ruwan.