Kafin ka nemi tallafi: yadda ake fara aikin kusanto wa jama'a adalci

A aikin farko da na shiga mun tara alƙalai a ɗakin taro, muka yi ta bita, muka raba kwamfutoci, muka rubuta a rahoto cewa an horar da mutum kaza. Bayan shekara na koma wata kotu, na tarar da kwamfutar lulluɓe da ƙyalle, magatakarda na rubutu a tsohon littafinsa. A bakin ƙofa kuwa ga wata mata zaune tun safe, karo na huɗu ke nan ana ɗage ƙararta ta kuɗin ciyar da 'ya'ya. Ko kusa aikinmu bai taɓa ta ba.

Shi ya sa nake cewa ka fara da ƙafa, takarda ta biyo baya. Shiga cikin mutane ka tambaye su abin da ya same su a shekaru biyun da suka wuce, wa suka kai wa kuka, kuma ina maganar ta kwana. Kada ka ce "kana da matsalar shari'a?", don a'a za a ce maka. Ka ce: an taɓa sallamar ka ba a biya ka haƙƙinka ba? Akwai mai ja da kai a kan fili? Kana da ɗan uwa a tsare? Nan za ka ji baki ya buɗe. A 2019 ƙungiyar World Justice Project ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.5 na fama da irin waɗannan matsaloli ba mafita, kuma galibinsu ba sa kaiwa gaban alƙali.

Daga abin da ka ji, ɗauki matsala ɗaya tak. Ni da zan sake, masu jiran shari'a zan ɗauka, domin kusan kashi ɗaya cikin uku na fursunonin duniya ba a yanke musu hukunci ba. A Malawi, tun shekarar 2000 aka fara tura mataimakan lauya cikin gidajen yari. Ba lauyoyi ba ne, horo aka ba su na sanin doka gwargwadon buƙata. Aikin kuwa na haƙuri ne: ka zauna da rajistar gidan yari, ka bi suna ɗaya-ɗaya, ka gano wanda wa'adin tsarewarsa ya ƙare, wanda aka ba beli amma danginsa ba su ma sani ba, wanda fayil ɗinsa ya ɓace tsakanin 'yan sanda da mai gabatar da ƙara. Sau da yawa kiran waya ɗaya ga dangi shi ke fitar da mutum.

Sai neman izini, wanda ke cin lokaci fiye da yadda kake zato. Kana buƙatar yarjejeniya a rubuce da ma'aikatar shari'a da hukumar gidajen yari, in ba haka ba ranar da aka sauya shugaba an rufe maka ƙofa. Ka je wa ƙungiyar lauyoyi da wuri, don za su ɗauka abincinsu ka zo ɗaukewa. Ka nuna musu iyakar mataimakanka, da cewa duk ƙarar da ta yi nauyi wajen lauya za ta koma. A Saliyo, ƙungiyar mataimakan lauya ta Timap for Justice ta fara a 2003, amma sai a 2012 dokar taimakon shari'a ta ƙasar ta amince da mataimakan lauya. Shekara tara fa.

Yanzu ne za ka rubuta takardar neman tallafi. Masu ba da kuɗi suna da yarensu: ka jingina aikin da manufa ta 16.3 ta Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa na duniya na 2015, wadda ke neman kowa ya samu adalci, da ƙa'idojin taimakon shari'a da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2012. A kasafi, fifita albashin ma'aikatan da aka ɗauka a ƙasar da ake aikin, da kuɗin zirga-zirgarsu, a kan motoci da taruka. Abin da za ka yi alkawarin aunawa shi ne ƙararraki nawa aka warware da kwana nawa aka rage na tsarewa. Sunayen masu ƙorafi kuma, musamman matan da aka ci zarafinsu, kada su fita daga akwati mai makulli, ko mai tallafin ne ya nema.

Tallafi yakan ƙare a shekara uku, rikicin fili kuwa yana iya ninka haka. Tun a watan farko ka zauna da abokan aikinka na ƙasar ku rubuta wanda zai karɓi fayilolin da ba a kammala ba, da wanda zai ci gaba da biyan mataimakan, kowa ya sa hannu.