Babi na Bakwai: Idan Giya Ta Zama Guba a Jini

Giya ba ta jiran narkewa kamar abinci. Daga ciki da ƙananan hanji take wucewa cikin jini, jini kuma ya kai ta ƙwaƙwalwa cikin 'yan mintuna. Hanta ce ke tace ta, amma aikinta a hankali yake: a awa ɗaya ba ta tace fiye da kimanin ƙaramar kwalbar giya guda. Abin da ya haura haka sai ya taru a jini.

Likitoci suna auna yawan barasa a jini da kashi cikin ɗari. Da ya kai 0.05, hankali ya fara raguwa, tuƙi ya zama haɗari. Daga 0.15 sai tangaɗi da amai. Wajen 0.30 mutum na iya suma, 0.40 kuwa na iya tsayar da numfashi.

Ga abin da ya kamata kowa ya riƙe. Ko mutum ya daina sha, giyar da ke cikinsa tana ci gaba da shiga jini. Wanda aka kwantar yana tangaɗi, bayan rabin awa yana iya shiga halin da ya fi wancan muni. Maganar nan ta "ku bar shi ya yi barci, zai wartsake" ta jawo asarar rayuka. Mai maye kan yi amai yana kwance rigingine, aman ya koma hanyar numfashi ya shaƙe shi. Haɗarin ya fi tsanani idan ya haɗa giyar da tiramadol ko kodin.

Idan an tashe shi ya kasa tashi, ko numfashinsa bai kai sau 8 a minti ɗaya ba, ko jikinsa ya yi sanyi, ko yana jijjiga, a garzaya da shi asibiti. Kafin a samu mota, a kwantar da shi ta gefe, a lanƙwasa gwiwarsa ta sama, a rufa masa zane, wani ya zauna kusa da shi. Kada a ɗura masa shayi ko madara, kada a watsa masa ruwan sanyi, kada a tilasta masa amai. Kunya kan sa iyali su ɓoye shi a ɗaki, abin da ke ba ni tsoro ke nan. Ku faɗa wa likita gaskiyar abin da ya sha.

Akwai kuma gurɓatacciyar giya. A shekarar 2015, ogogoro mai ɗauke da sinadarin mitanol ya kashe mutane da dama a jihohin Ondo da Ribas. Mitanol kan ɓoye sa'o'i kafin ya nuna kansa. Wanda ya sha irin wannan giya, ganinsa ya fara dishi-dishi ko cikinsa ya murɗa, a kai shi asibiti nan take, ko da yana magana daidai.